Gaisuwar Kwana ta Sha Ɗaya

An buɗe kwararon ƙanƙara na garinmu Sigulda a shekarar 1986, lokacin ina koyar da tarihi a makarantar sakandare, tutar da ke bisa ofishin gari kuwa ba tamu ba ce. Kwana, wato lanƙwasa, goma sha shida gare shi, daga kan tudu har gindin kwarin kogin Gauja. Da fari masu sulu a rigingine ne suka fi amfani da shi. Sulun rub-da-ciki, wanda mutum ke turo allon ƙarfe da gudu ya faɗa kansa, kai a gaba, haɓa na kusan shafar ƙanƙara, bai kama ƙasa a wurinmu ba sai bayan da Latbiya ta dawo da 'yancinta. Turawan Ingila masu zuwa shan iska a duwatsun Suwizalan ne suka ƙago shi a ƙarni na sha tara, aka raɗa masa suna skeleton, wato ƙwarangwal. Ya shiga gasar Olamfik a 1928 da 1948, sannan aka jingine shi har 2002. Na kawo waɗannan shekaru ne saboda mutanen garinmu, in suna ba da labarin Modris Vanags, sukan yi magana kamar shi ya ƙago wasan, ko kuwa da allon a hannu aka haife shi.

Modris ɗalibina ne, kuma ba zan ce ya yi fice a tarihi ba. Allonsa na farko mahaifinsa ne ya yi masa waldarsa a garejin motocin katako inda yake aiki. Da wannan allo da waɗanda suka biyo bayansa Modris ya yi shekara goma sha biyar yana ciyo kofuna a ƙasashen waje, a nan gida kuwa ba wanda ya taɓa shan gabansa.

Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. A wasan nan da kafaɗa da gwiwa ake juya allo: in ka danna kafaɗar dama da gwiwar hagu, sai allon ya yi hagu. Ana iya juyawa da ɗan yatsan ƙafa ma, a taɓa ƙanƙara da bakin takalmi, amma masana ba sa so, domin duk taɓawa rage gudu ce. To shi Modris, duk sanda zai shiga kwana ta sha ɗaya, inda gudu ya kai matuƙa kuma kwanar ke danne mutum bisa allo kamar an aza masa buhunan hatsi, sai ya sauke ƙafar dama ya ɗan taɓa ƙanƙara. Ƙarar ba ta wuce ta ƙyasta ashana ba. Daga nan sai ya fito tsakiyar hanya sak, kamar an ja zare.

Dattawan da ke tsayawa a bakin wannan kwana da fulas ɗin shayi da baƙin burodi, har da ni a cikinsu bayan na yi ritaya, su suka sa wa abin suna. Suka ce Modris yana gaida kwanar ne. In aka ji ƙarar sai a ce, "Ya gaisa." Kafin a jima duk yaron da ya hau allo a garinmu sai ya gaida sha ɗaya, wanda bai gaisa ba kuwa a ce ba shi da tarbiyya. Shi kansa Modris, da 'yan jarida suka tambaye shi, cewa ya yi kwanar tsohuwa ce mai son girma.

Gwiwoyi suka sa ya ajiye wasa a 2010, hukumar wasan ta ba shi aikin horar da matasa. A nan labarin ya sauya. Modris malami ne mai haƙuri, yana fitowa da sassafe ya taka kwararon da ƙafa daga sama har ƙasa tare da 'yan wasansa, yana nuna musu inda ƙanƙara ta yi kauri da inda ta yi santsi. Yaransa sun fi kowa iya tashi. Amma kusan dukansu a ƙasan hanya suke zubar da abin da suka tara a sama. Ɗaya bayan ɗaya suka koma hannun wasu masu horarwa, ko suka bar wasan. Zuwa kakar 2018 mutum ɗaya ta rage masa.

Sunanta Arta Briede, 'yar shekara ashirin da huɗu, iyayenta masu kiwon shanu ne a wajen garin Cesis. Daga tseren gajeren zango ta zo, kuma a turin allo ba macen da ke kamo ta. Shekara bakwai tana hannun Modris, shekara bakwai tana fitowa daga sha ɗaya ta daki bangon dama. Hannunta na dama daga kafaɗa zuwa gwiwa bai taɓa rabuwa da tabo ba, har ta saba ɗaura soso a cikin riga.

A wannan kaka hukumar ta sanar cewa mata biyu kaɗai za ta iya kaiwa gasannin waje na hunturu, masu nema kuwa uku ne. Za a yi tseren tacewa a Asabar ta ƙarshen Oktoba, a yi sauka biyu a haɗa lokaci. Wadda ta zo ta uku za ta mayar da allon hukuma. Arta ta gaya wa Modris tun da wuri cewa in ita ce, ba za ta sake jiran wata shekara ba. Mahaifinta ya yi ciwon baya, shanu kuma ba sa tatsar kansu.

Ran Litinin ta wannan mako ina bakin kwanar lokacin gwaji. Ganyen kwarin duk ya yi ja. Modris na tsaye kusa da ni da wayar oba-oba a hannu. Arta ta zo, ta gaisa, ta daki bango, muka ji ƙarar har cikin haƙoranmu. Da motar da ke mayar da 'yan wasa sama ta iso daidai wurinmu, ta sa aka tsaya ta sauko da hular kwano a hannu.

"Kin makara," in ji Modris. "Gaisuwar nan kafin a shiga ɗaki ake yin ta, ba bayan an zauna ba."

"Jiya kun ce na yi gaggawa, Koci."

"Jiya kin yi gaggawa."

"To tsohuwar nan taku me take so ne? Na gaishe ta da wuri ta mare ni, na gaishe ta a makare ta mare ni. Ko durƙusa mata zan yi?"

"Ki ƙara nauyin ƙafar kaɗan."

"In na ƙara kuma sai dai ku aiko da tsintsiya a kwashe ni."

Ta duba ni ta ce, "Malam, ku da kuka san tarihi, an taɓa samun wanda bango ya gaji da dukansa?"

Na ce mata a iya karatuna bango bai taɓa gajiya ba. Ta yi dariya ta koma mota. Modris bai yi dariya ba.

Washegari aka kawo sababbin ƙarafan ƙasan allonta, sai aka kai shi ɗakin gyara don a daidaita. Mai ɗakin shi ne Ilmars, wanda suka yi wasa tare da Modris tun suna samari, bai taɓa cin kome ba, bai kuma taɓa daina tsokanarsa ba. Nakan shiga wurinsa shan shayi, shi ya sa abin ya faru a idona. Ilmars ya samo wata sabuwar dabara a wurin baƙi: ya jera ma'auni biyu irin na awon mutum, ya aza ƙarfen dama bisa ɗaya, na hagu bisa ɗaya, ɗan wasa ya kwanta a gani ko allon ya karkata. Arta ta kwanta. Allurai biyun suka tsaya wuri guda.

"Kamar 'yan biyu," in ji Ilmars. "Allo lafiya, yarinya lafiya. Saura koci."

Modris ya ce kwanciyarta ce ba daidai ba, tana ɗaga kafaɗa. Ya ce ta tashi ya nuna mata. Ya tuɓe rigar sanyi, ya kwanta bisa allon, ya manne hannuwa a jiki, ya sauke haɓa, kamar yadda muka gan shi sau ɗaruruwa. Arta ta durƙusa tana kallon ma'aunan.

"Koci, ku daidaita tukuna."

"A daidaice nake."

"To kun fi nauyi a dama."

"Ma'aunin ne. Ilmars a kasuwar 'yan gwangwan yake sayen kayan aiki."

Ilmars ya sa shi ya tashi, ya musanya ma'aunan, na dama ya koma hagu. Modris ya sake kwanciya. Allurar dama ta sake rinjaya, ba da yawa ba, kamar nauyin burodi biyu. Ilmars ya zagaya ta gabansa ya tsuguna, ya daɗe yana dubansa kamar mai duban katakon da zai fafe.

"Kai, tsohon zakara, ashe a karkace kake. Kafaɗarka ta dama ta fi ta hagu sauka. Shekara talatin muna shiga ɗakin wankan tururi tare, ban taɓa lura ba."

"Ƙarya kake."

"Malam, ku zo ku gani. Ku ba ku ƙarya, an biya ku fansho a kan gaskiya."

Na je na duba. Haka ne, kuma na san mafarin abin, kamar yadda shi ma ya sani. A Janairun 1991, da aka kira jama'a su je babban birninmu Riga su tare manyan gine-gine da shinge don kada sojojin Sobiyet su ƙwace su, motocin katako na yankinmu suna cikin waɗanda suka tafi, mahaifin Modris na tuƙa ɗaya. Modris, yana ɗan shekara sha shida, ya bi shi. A yini na biyu ya zame daga kan lodin gungume ya faɗo bisa kafaɗa. Ya ƙi zuwa asibiti don kada a mayar da shi gida, wata mata mai rabon shayi ta ɗaure masa hannun da gyalenta. Ya dawo aji a Fabrairu yana rubutu da hagu. Ƙashin ya haɗe yadda ya ga dama.

Na ce, "Sha huɗu ga Janairu."

"Na sani, Malam," in ji shi, yana kwance har yanzu, haɓarsa a kan ƙarfe.

Duk wanda ke ɗakin ya san lissafin. Kafaɗar dama in ta danna, allo hagu yake yi. A sauran kwanoni karkatar ba ta isa a ji ta ba, amma a sha ɗaya, inda nauyin mutum ke ninkuwa, sai ta ja shi hagu, shi kuwa jikinsa ya koyi mayar da allon da ƙafar dama tun kafin kansa ya san dalili. Mai miƙaƙƙen jiki in ya yi wannan taɓawa, ba abin da yake gyarawa. Tura kansa yake yi bangon dama.

Arta ta miƙe ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Shekara bakwai, Koci."

"Ba a tabbatar ba tukuna," in ji Modris.

Ta fita, ba ta buga ƙofar ba.

Ran Laraba da safe ya tabbatar, ta hanyar da ba wanda ya ba shi shawararta. Ya ɗauko tsohon allonsa daga bangon ɗakin gyara, ya sa sunansa cikin masu gwaji, yana da shekara arba'in da huɗu, rabonsa da sauka shekara takwas. Ilmars ya ce masa in ya mutu shi ba zai sa baƙar kwat ba, ta matse shi. Modris ya ce ya tsaya a sha ɗaya ya buɗe ido.

Muka tsaya, ni da Ilmars da Arta, wadda ta zo ba ta gaida kowa ba. Ya taho, ba da gudun da ba, amma hanyar tasa tana nan. Ya shiga kwanar, ƙafafunsa biyu a sama. Ba mu ji ƙarar ashana ba. Allon ya zame hagu kamar an ja shi da igiya, ya daki bangon hagu, ya yi tangal-tangal, da ƙyar ya ƙarasa ƙasa bai kife ba.

Ya hawo da ƙafa, yana riƙe da haƙarƙari, leɓensa ya fashe. Ya tsaya gaban Arta.

"Kin gani. Ni in ban taɓa ba, hagu. Ke in kin taɓa, dama. Ba gaisuwa ba ce, sandar gurgu ce. Na ba ki sandata, ke kuwa ƙafarki lafiya."

"Da sauran da suka tafi?"

"Su ma. Zan kira su. Wannan nawa ne, ba naki ba. Naki shi ne Asabar."

"Kwana uku za su goge shekara bakwai? Ƙafar nan ba ta tambayata, Koci. Da ta ji ƙamshin sha ɗaya sauka take yi."

Ilmars ya ce a ɗaure mata ƙafafun da igiya kamar tunkiyar kasuwa. Modris ya ce doka ba ta yarda ba, kuma jiki ba ya barin ɗabi'a sai an ba shi wata a madadinta. Ya ce mata daga fitowa kwana ta goma ta haɗa dugaduganta biyu ta matse, kamar tana riƙe da ƙwai a tsakaninsu, kada ta sake shi sai ta ga sha biyu.

"Ƙwai," in ji Arta.

"Ƙwai. Ɗanye."

"Shekara bakwai ina gaida tsohuwa, yanzu kuma na koma kaza."

A gwajin ranar ƙafar ta sauka duk da haka, ta daki bango. Ran Alhamis ta riƙe a sauka ɗaya, ta saki a ɗaya. A wadda ta riƙe ta fito tsakiya, amma da yake ba ta taɓa isa sha biyu daga tsakiya ba, kuma da irin wannan gudu, sai ta shige ta a makare ta yi asarar abin da ta samu. Modris ya kwashe yammacin yana taka ƙasan hanyar da ita, suna koyon kwanonin da ta yi zaton ta sani. Ran Juma'a ba a gwaji.

A daren jajibiri ba abin da ya faru da na sani. Amma da rana Modris ya shiga shagon shayin da dattawa ke zama, ya tsaya a tsakiya ya gaya musu da bakinsa cewa gaisuwar karyayyen ƙashi ce. Suka saurare shi da ladabi. Da ya fita, wani tsohon direban jirgin ƙasa mai suna Zigurds ya ce, "Tawali'u ne irin na manya. Ba ya son baƙi su gane sirrin."

Ran Asabar aka tashi da sanyi mai kyau, ƙanƙara ta yi tauri. Bakin sha ɗaya ya cika. Mahaifin Arta ya zo, yana dogara sandar nan mai zane da ake sassaƙawa a garinmu. Sauran 'yan matan biyu, Beate da Sanita, ba a hannun Modris suka tashi ba, kuma masu horar da su sun daɗe da rage musu gaisuwar zuwa shafa kawai, don a fita hakkin al'ada.

A saukar farko Arta ta fi kowa tashi, kamar kullum. Ta zo sha ɗaya, muka ga ƙafar dama ta motsa, ta rabu da 'yar'uwarta, ta ɗan shafi ƙanƙara. Ta goga bango, ba duka ba, goga. Allon sanarwa ya nuna ta uku, tazarar da ke tsakaninta da Sanita ba ta kai ƙiftawar ido ba.

Modris bai hau sama wurinta ba. Ya ɗaga oba-oba ya ce, "Ƙwai ya fashe."

Muryarta ta fito a cikin ƙarar na'urar: "Tsagewa ya yi, Koci. Akwai wani."

A sauka ta biyu ta ƙarshe ce ke fara tashi, saboda haka ita ta buɗe. Muka ji rugugin allon tun daga sama. Ta fito ta goma, dugaduganta a manne. Ta shiga sha ɗaya ta fita, ba ƙarar ashana, ba ƙarar bango, ta wuce ta tsakiya shiru har sai da na yi zaton ban gan ta ba. Zigurds ya ce, "Ba ta gaisa ba." Mahaifinta ya tambaye ni ko hakan laifi ne, na ce masa a'a.

Sanita ta sauko lafiya, ba ta yi kuskure ba, amma da aka haɗa lokaci Arta ta shige gabanta. Beate ta riƙe na ɗaya. Arta Briede ta zo ta biyu, ta samu gurbinta, allon ya zauna a hannunta.

Da ta hawo wurinmu ta zare soson da ke cikin hannun rigarta ta miƙa wa Modris.

"Ku ajiye. Ku kuka fi bukatarsa yanzu."

Ya karɓa ya cusa a aljihu. Ya ce mata ta makara a sha uku, gobe da sassafe za su taka ta. Zigurds kuwa ya gaya wa duk wanda ya tsaya saurarensa cewa da yarinyar ta gaisa, da ita ce ta ɗaya.

Modris ya kira tsofaffin 'yan wasansa kamar yadda ya ce. Biyu sun yi masa godiya, ɗaya ya kashe waya, ɗaya kuma, wanda ke tuƙa motar kaya a ƙasar Ailan, ya ce ai ya daɗe da zargin haka. Arta ta yi hunturu huɗu tana wasa a waje, ba ta zama zakara ba, amma ta shiga cikin goman farko fiye da sau ɗaya, sannan ta koma gonar iyayenta da ƙafarta, a lokacin da ta zaɓa. Modris yana nan yana horarwa, yaransa sun ƙaru. Duk wanda aka kawo masa, kafin ya nuna masa kwana ko ɗaya, sai ya kwantar da shi bisa ma'aunan Ilmars ya ga inda jikinsa ya nufa.

Gaisuwar ba ta mutu ba. Har hunturun bara na ji ƙarar ashana a sha ɗaya, daga yaran da aka haifa bayan Modris ya ajiye wasa, waɗanda suka koya a wurin yayyensu. In ya kama su yakan kai su ɗakin gyara ya tuɓe riga ya nuna musu kafaɗar. Sukan duba da kyau, su ce sun gane, wasunsu kuma su daina.